Ƙyallen da Ya Rage

Rumfata na tsakiya, a Aboabo ta Kumasi,
akwatin katako mai taga ɗaya
inda kuɗi ke shiga waya, su fita ta hannuna.
Dama da ni Gariba tela, ɗan giwa tun yana da gashin kai.
Hagu da ni Azumi mai shinkafa da wake,
wadda ta ce ko ran tafiyarta a riƙa mata laima.

Tun kafin koko ya huce sun fara.

Ya ce: "Sakandaren da Ramatu ta gama,
wa ya ɗauke miki kuɗinta?"
Ta ce: "Katifa da akwati da garin kwaki duk wata,
giwarka ce ta ɗauko a hanci?"
Ya tuna mata shekarun duhu,
da kekensa ya yi tsatsa yana jiran wuta.
Ta tuna masa harajin waya,
da ta aika wa uwarta ɗari a Bawku
aka gutsire kafin ya isa.
Sai su juyo gare ni, ni mai littafin lissafi,
wai in raba gardama.
Na ce ni dai na san lamba, ban san alƙawari ba.

Amma ina ji, don katako ba ya riƙe sirri.
Na ji Gariba da dare yana zagin nasa a hankali
ran da bandir ɗin yadi ya kwana uku a Tema
ya iso da farashin da ya sa shi zama.
Na ga Azumi ta kashe rediyo
lokacin da nata suka yi bayanin dala,
ta auna shinkafa, ta rage rabin ludayi,
ta kalli ɗan makarantar da ke gabanta,
ta mayar.

Kogin da kakanta ya yi wanka a ciki,
can hanyar Obuwasi,
yanzu kalar shayi ne da madara ta yi yawa.
A kan wannan kaɗai ba sa musu.
Kowa ya ce na wancan ne suka kawo injinan haƙa,
kowa ya yi shiru da wuri.

Lokacin zaɓe Gariba ba ya barci.
Tutar giwa ɗari biyu, tutar laima ɗari da hamsin,
don allura ba ta da katin jam'iyya,
kuma haya ba ta jiran sakamako.
Shi ya gaya mini, zare a baki:
"Ja da fari suna jikin kowacce.
Bandir ɗaya nake yanka musu, ba su sani ba."

Ruwan Yuni ya zo da dare.
Kwata ta cika, ta amayo robobin shekara guda,
ta ɗauke rumfar Azumi har da bencin.
Da safe ba giwa, ba laima,
sai mu da shebur biyu da buhunan siminti marasa komai.
Na tura saƙo ga ɗan majalisa. Waya ta ce ya isa.

Kwana uku keken Gariba na kuka.
Ya fito da abu mai faɗin tabarma huɗu:
shuɗi kusa da kore, baƙi ya ratsa ja,
kunnen giwa a nan, marikin laima a can,
duk ƙyallen da ya rage.
Muka ɗaura a kan gora.

Azumi ta ɗaga kai, ta daɗe tana dubawa.
Ta ce: "Shuɗin ya yi yawa."
Ya ce: "Shi ne ba ya yoyo."
Ta zuba masa da ƙwai, ba ta karɓi kuɗi ba,
ta ce bashi ne, kamar na ƙasa,
jikokinsa za su biya.